Kunnen da Ya Rage wa Finkel

Hannun Virgil Mulroy na dama ya fi fuskarsa suna. A duk faɗin Amurka babu gidan siniman da ba a san ƙarar wannan hannu ba idan ya sauka a kuncin Sol Finkel. Mulroy dogo ne siriri, mai murya irin ta alƙali yana karanta hukunci. Finkel gajere ne mai tumbi, idanunsa kullum kamar na maraƙin da ya ɓace a kasuwa. Sana'arsu ke nan tun suna yawon ƙananan gidajen wasa na Baltimore da Newark: Finkel ya tafka wauta, Mulroy ya kwashe shi da mari, jama'a su kwashe da dariya. Da yaƙi ya ɓarke, kamfanin fim ya gano cewa wauta ta fi kasuwa idan an saka mata kakin soja. Aka ɗinka musu kaki, aka ba su bindigogin katako, suka shiga yin fim bayan fim na kurata biyu masu ɓata fareti, a daidai lokacin da 'ya'yan mutane ke mutuwa a tsibiran da iyayensu ba su ma iya faɗin sunansu ba.

Babu wanda ya je yaƙin a cikinsu. Mulroy shekarunsa sun wuce. Finkel kuwa likitan soja ya leƙa kunnensa na hagu sau ɗaya ya sallame shi. Hannun Mulroy ne ya kashe wannan kunne, a hankali, shekara da shekaru. Jaridu suka ce wai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ne ya hana shi aikin soja, domin wannan ya fi ban dariya, kuma kamfanin ne ya ba su labarin.

A bazarar 1943 mataccen kunnen ya fara ruwa. Da farko auduga na tare shi. Daga baya bayan kunnen ya kumbura ya yi jawur, hodar masu kwalliya ta daina zama a kansa. Ranar Litinin, ana cikin ɗaukar fim, Mulroy ya yi marinsa na kullum, kumburin ya fashe, mugunya ta gangaro kan kwalar kaki. Darakta Garrity ya tsayar da aiki, ba don mutumin ba, don rigar, saboda babu wata mai girmanta a ɗakin kaya.

Da yammacin ranar Adele, matar Finkel, ta tare Mulroy a wurin ajiye motoci. Ba ta yi kuka ba, ta riga ta wuce nan. Ta ce likita ya duba ɗaya kunnen ma, na dama, ya ce ƙarar igwar ƙarya da aka yi ta harbawa a fim ɗin baya ta riga ta raunana dodon kunnen. Duka ɗaya mai kyau a wannan ɓangaren, shi ke nan.

"Ka san abin da ake nufi, Virgil," ta ce. "Ba zai ji lokacin da zai shigo da maganarsa ba. Mutumin da ba ya jin abokin wasansa, wa zai ɗauke shi aiki? Ni bai saurare ni ba. Kai ne mai hannun."

Mulroy ya ce mata ta kwantar da hankalinta, hannunsa na dama bai san hanyar wancan kunnen ba.

Washegari da safe ya tura ƙofar ɗakin shiryawa, wari ya tare shi, irin na naman da aka manta a cikin mota. Finkel na zaune gaban madubi da singileti, an manna masa auduga a bayan kunne, yana cin burodi da naman gishiri da kokwamba mai tsami, romon na bin haɓarsa.

"Dogo, shigo ka rufe ƙofa, kana shigo min da ƙudaje," in ji Finkel. "Za ka ci? Ai kai ba ka ci, shi ya sa idan ka juya gefe kyamara ke nemanka."

"Ɗakin nan na wari, Sol."

"Kokwambar ce."

"Ba kokwamba ba ce."

"To turaren Adele ne. Zauna, akwai labari. Garrity ya juya mu. Yau kai ne a can, ni a nan. Za a ɗauke ni ta dama, kyakkyawan ɓangarena. Uwata ma ta wannan gefen take kallona."

Mulroy bai zauna ba. Tun ranar da suka fara wasa tare, shi ne ke tsayawa a gefe guda, Finkel a ɗaya, ba su taɓa musanya ba. Juyawar na nufin kyamara za ta ɓoye ruɓaɓɓen kunnen, kuma na nufin marin zai koma hannun hagu, ya sauka a kuncin dama.

"Adele ta faɗa min abin da likita ya ce."

"Adele ta faɗa wa mai kawo madara ma. Likitan nan fa shi ya ce min zan mutu idan ban bar naman gishiri ba. Kana ganina."

"Ba zan mare ka a nan ba."

Finkel ya ajiye burodin, ya goge yatsunsa a cinyarsa. "Dogo, kai fa ba ka da wani aiki a duniyar nan sai wannan. Ba ka waƙa, ba ka rawa, fuskarka kamar ta mai sayar da akwatin gawa. Kada ka zo min da imani yau. Imanin nan yana ina lokacin da kake aikin na hagu?"

Gaskiya ya faɗa, kuma Mulroy ya sani. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yadda Finkel ya faɗe ta yana murmushi, kamar mai neman a yaba masa.

An gina ɗakin cin abincin bariki a cikin babban zauren ɗaukar fim: dogayen tebura, kwanukan ƙarfe, katuwar tukunya da aka cika da ruwan ɗumi da aka rina ya zama kamar miya. A kan bencina an zaunar da sojoji na gaskiya da aka aro daga sansanin da ke kusa, yara ne masu sabon aski da ke jiran jirgin ruwan da zai kai su yaƙi. Kamfanin ya fi son su a kan 'yan cika wuri, domin kakinsu nasu ne, kuma za a rubuta a talla cewa jaruman ƙasa sun fito a fim. Wanda ya rako su wani saje ne mai suna Rudnick, mahauci daga Omaha kafin yaƙi, tafin hannunsa kamar murfin tukunya.

Wasan ba wani abu ba ne. An sa kurtu Finkel girki, ya jefa takalmin kyaftin cikin miya yana zaton nama ne. Kurtu Mulroy ya tsamo takalmin da ludayi, ya tambaye shi mene ne wannan, Finkel ya ce bai nuna ba tukuna, a mayar. Sai mari. Manya da gemunsu sun zauna a ofis sun rubuta wannan, an biya su.

Mulroy ya je ya sami Garrity kusa da kyamara. Garrity ƙaramin mutum ne mai tsabta, sigarinsa ba ya rabuwa da bakinsa ko da a kashe.

"Mista Garrity, yau na ƙarya za mu yi. Hannuna zai wuce ta gaban fuskarsa, mai sauti ya buga katako."

"Yaushe kuka fara na ƙarya?"

"Yau."

Garrity ya dube shi, ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa. "Gwada mu gani. Ni dai dariya nake saye, ban damu da inda ka samo ta ba."

Aka kunna fitilu. Mulroy ya tsamo takalmin, ya yi tambayarsa, Finkel ya ba da amsarsa, hannun hagu ya wuce ta gaban hancinsa, can baya aka ji tas na katako. Finkel ya juya kai, ya zaro ido, ya dafe kunci. Sojojin suka yi 'yar dariyar ladabi, irin wadda ake yi wa barkwancin babban hafsa. Aka sake. Aka kuma sakewa. Kowace ɗauka dariyar na ƙara yin sanyi, har wani yaro a layin baya ya yi hamma bai rufe baki ba.

Matsalar a bayyane take ga duk wanda ya san aikin. Fuskar da Finkel ya yi suna da ita, wadda kumatu ke rawa, leɓe ya saki, idanu su kawo ruwa kamar na yaron da bai san laifin da ya yi ba, ba ƙirƙirarta yake yi ba. Zafi ne ke kawo ta. Abin da mutane ke biyan kuɗi su gani ke nan tun farko, ko da ba su sani ba, kuma da yawansu sun sani.

"Wannan ba mari ba ne, fifita ce," in ji Garrity. "Finkel, zafi kake ji ne, abokinka ke maka fifita?"

Sojojin suka yi dariyar da ta fi ta wasan.

Finkel ya matso kusa da Mulroy, hodar fuskarsa ta fara narkewa. "Kana kashe ni a gaban yaran nan, Dogo. Ka ga wancan mai hamma? Sati mai zuwa yana cikin teku. Ka bari ya tafi da labarin cewa Finkel ba shi da ban dariya?"

"Kada ka saka yaran nan a ciki. Ba don su kake yi ba."

"To don wa? Don kai? Daki mana. Na ce ka daka."

"Na ce a'a."

Garrity ya cire sigarin daga bakinsa, abin da ba kasafai yake yi ba. Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya yafito Saje Rudnick.

"Saje, ka taɓa fitowa a fim?"

"A'a, yallaɓai."

"Yau za ka fito. Takalmin ya zama naka. Kai za ka tsamo shi, kai za ka tambaya, kai za ka kwaɗa masa. Sojan gaskiya ya mari na ƙarya, ai wannan ma ya fi. Za ka iya?"

Rudnick ya washe baki, ya dubi yaransa da suka fara buga kwanuka a kan tebur. "Da ƙarfi, yallaɓai, ko yaya?"

"Kamar ya ci maka takalmi."

"Ba komai, Saje," in ji Finkel, ya miƙa masa kunci yana lumshe ido kamar amarya. "Ka dai bar min haƙoran gaba, da su nake murmushi."

Mulroy ya dubi hannun mahaucin. Mari sana'a ne. Wanda ya iya, da yatsu yake yi, a sake, a kan naman kunci ƙasa da kunne, ƙara ta yi yawa, ɓarna ta yi kaɗan. Wanda bai iya ba yakan lanƙwasa tafinsa kamar ƙoƙo ya rufe kunnen gaba ɗaya, iska ta shiga ba ta da hanyar fita. Rudnick ya riga ya lanƙwasa nasa yana gwadawa a cinyarsa. Garrity kuwa bai dubi sajen ba, Mulroy yake kallo, yana jira. Ya san abin da yake yi sarai.

Mulroy ya kawar da kai daga hannun mahaucin. Ya tsani Garrity, ya tsani mahaucin da bai san komai ba, ya tsani yaran da ke buga kwanuka, amma a wannan lokacin babu wanda ya kai Finkel ba shi ƙyama, yana tsaye da auduga a bayan kunne yana tallan kuncinsa ga duk mai so.

"Koma wurinka, Saje," ya ce. "Ni zan yi."

Ya ja Finkel gefe, bayan tukunyar, ya yi magana a kunnensa na dama a hankali. "Saurara. A muƙamuƙi zan sauke, da yatsu. Zai yi zafi, za ka sami fuskarka. Amma ka tsayar da kanka. Kada ka motsa, kada ka sunkuya, kada ka taimake ni. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Sol, ba wasa nake ba."

"Ai ba ka taɓa yi ba. Shi ya sa muke cin abinci."

Aka kunna fitilu. Ludayi ya shiga miya, takalmin ya fito yana ɗiga.

"Kurtu Finkel, mene ne wannan?"

Finkel ya leƙa, ya shinshina, ya latsa dunduniyar takalmin da yatsa. "Bai nuna ba tukuna. A mayar."

Hannun hagu ya taso daidai inda Mulroy ya auna. Finkel kuwa ya yi abin da ya saba yi tun yana saurayi a Newark, abin da tsofaffin 'yan wasa suka koya masa: idan kana son layin baya ya ji, ka kawo wa hannun kanka. Ya sunkuyar da kai kaɗan, ya juya. Tafin ya rufe kunnen. Ƙarar da ta fita ba tas ba ce, wata irin fas ce mai nauyi, kamar an fasa jakar takarda cike da iska.

Zauren ya kece da dariya. Yaran suka riƙa dukan tebur, wani ya faɗo daga benci, Rudnick ya riƙe cikinsa. Fuskar ta zo, cikakkiya, wadda ba a taɓa samun kamarta ba: kumatu na rawa, leɓe ya saki, hawaye na gangarowa kan hoda. Finkel ya yi taga-taga, ya kama tukunyar, ya zame, ya zauna a ƙasa daɓas, ya miƙe, ya sake tangaɗi.

"Tsaya," in ji Garrity. "Ya yi."

Finkel bai tsaya ba. Ya ci gaba da juyi yana sara wa tukunya, yana sara wa takalmi, yana satar kallon Mulroy, yana jiran maganar da za ta biyo baya. Mulroy ya faɗe ta da ƙarfi, "An ce a tsaya, Sol." Finkel ya kalli bakinsa, ya yi murmushin wawa, ya sake sara masa. Yaran suka ɗauka cikin wasan ne, dariya ta ƙaru. Mai kyamara ya dubi Garrity. Garrity ya juya yatsansa a iska, alamar a ci gaba da ɗauka.

Mulroy ya shiga gaban kyamarar, ya ba ta baya, ya kama Finkel ta kafaɗu biyu ya tsayar da shi. Wani siririn jini ya fito daga kunnen dama, ya bi wuya ya shiga kwala. 

"Sun yi dariya?" in ji Finkel da ƙarfi fiye da kima, irin muryar wanda ba ya jin kansa. "Dogo, na ga bakinsu a buɗe. Sun yi sosai?"

Mulroy ya buɗe baki zai ce masa, kai ka juya, na ce kada ka juya. Ya ga babu amfani. Ya gyaɗa kai.

Finkel ya washe baki har kunne. Ya leƙa ta gefen kafaɗar Mulroy ya ɗaga wa sojojin hannu, suka amsa masa da tafi da fito. Daga nan Mulroy ya zaunar da shi a kan benci. Wani yaro ya matsa masa, ya miƙo masa hularsa da alƙalami yana cewa don Allah ya sa masa hannu, zai aika wa ƙanwarsa. Finkel bai san abin da ya ce ba, amma ya ga alƙalami, ya karɓa.

Garrity ya iso yana kunna sigarinsa a karon farko a ranar. "Wannan ita ce. Da ita za mu yi talla. Mulroy, ashe hagunka ta fi damarka, ina ka ɓoye ta? A goge masa wuyan nan, a sauya auduga, ina son ɗauka ɗaya ta kusa da fuskarsa kafin abincin rana."

"Ba ya ji, Mista Garrity."

"Ta kusa ba ta bukatar ji. Fuska kawai nake so." Ya ɗan yi tunani, ya ƙara da cewa, "Idan ba zai ji maganarka ba, ka taka masa ƙafa lokacin da zai shigo da maganarsa. Ƙasa ba ta fitowa a hoto."

Mulroy ya dubi tafin hannunsa na hagu. Akwai hoda, akwai jini kaɗan, akwai maiƙon gashi. Ya nemi abin gogewa bai samu ba, sai ya tsoma hannun cikin tukunyar miyar ƙarya ya wanke, ya yarfe. Ya cire hular sojan ya ajiye kusa da takalmin. Ya nufi ƙofa, domin akwai wayar tarho a bakin zauren, kuma dole wani ya kira Adele kafin ta ji a bakin wani.

Bai kai ƙofar ba ya ji muryar a bayansa, mai ƙarfi, ba daidai ba, tana cika zauren.

"Dogo, ina za ka? Ba mu gama ba. Zo ka tsaya a wurinka."

Mulroy ya tsaya da hannunsa a kan ƙofa. Ya waiwaya. Mai kwalliya ta riga ta goge jinin tana shafa sabuwar hoda, Rudnick kuma ya miƙe daga bencinsa yana gyara ɗamara, yana kallon Garrity ko za a sake bukatarsa. Mulroy ya saki ƙofar, ya koma ya ɗauki hular.